Garin maikoraiza, sufa ko takin shanu: wanne ya cancanci kuɗinka?

Ana ta tallar wani gari a 'yan ledoji mai suna maikoraiza, wai yana ƙara wa shuka saiwa, ya kuma rage kuɗin taki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma kafin ka sa hannu a aljihu, gara ka san abin da yake yi a cikin saiwar.

Maikoraiza wata irin fumfuna ce da ke zaune a ƙasa tun fil azal, tana ƙawance da kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na tsirran doron ƙasa. Zarenta ya fi gashin saiwa siranta nesa ba kusa ba. Yakan huda bangon ƙwayar halittar saiwa, ya yi rassa a ciki kamar 'yar bishiya, ita kuma ƙwayar ta lulluɓe shi da tantaninta ba tare da ta fashe ba. A nan ake cinikin: fumfuna ta kawo fosfaras, wani sinadarin abincin shuka, daga inda saiwa ba ta isa, shuka ta biya da sukari da mai, wani lokaci har kashi 20 cikin 100 na abincin da ganyenta ya sarrafa. Rassan nan kwanaki kaɗan suke yi su ruɓe, a sake wasu.

Ita shuka ba ta biyan abin da take samu a ɓagas. Idan ka zuba takin zamani mai fosfaras, kamar sufa ko DAP, da yawa, fosfaras ya wadata a bakin saiwa, sai ta rufe wa fumfuna ƙofa. Wanda ya sayi garin ya haɗa da cikakken buhun DAP, mai kashi 46 na fosfet, ya yi asarar kuɗin garin. Idan kuwa yunwar fosfaras ta kama ta, saiwa takan saki wani sinadari mai suna sitirigolakton don kiran fumfuna, kamar yadda masana a Japan suka tabbatar a 2005. Abin takaici, wannan kiran ne irin wuta-wuta ke jira kafin ya tsiro. Shi ya sa gonar dawa da ta gaji ta fi cika da jan furen nan.

Garin leda ya fi amfani a inda ƙasa ba ta da tata fumfunar: gadon renon albasa ko tumatir da aka ƙona ƙasarsa, ledojin renon itatuwa, filin da aka kwashe saman ƙasarsa. Albasa musamman, da saiwarta mai kauri marar gashi, tana dogara da fumfunar sosai, haka ma rogo. Mai kabeji da alayyafo kuwa kada ya wahalar da kansa, waɗannan ba sa wannan ƙawancen. Duba ledar da kyau. A ga sunan nau'in, galibi Rhizophagus irregularis, da adadin ƙwayoyin iri a kowane giram, da ranar da zai lalace. Abu ne mai rai, wanda ya sha ranar Afirilu a kan teburin kasuwa ba na amincewa da shi. Wani bincike da aka wallafa a 2022 kan irin waɗannan kayayyaki daga nahiyoyi daban-daban ya gano mafi yawansu ba su kama saiwa ba sam. Kada kuma a ruɗa shi da NoduMax na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Wancan bakteriya ce ta waken suya, aikinta naitirojin.

A gonar damina ta gero, dawa ko masara, ni dai da sufa ko kamfa zan fara, amma kaɗan. Dabarar da cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta gwada a Sadore ta Nijar ita ce giram 6 na kamfa 15-15-15, wajen cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP a kowane rami lokacin shuka. Wannan ya isa ya tayar da tsiro, bai kai yawan watsa buhu a gona da zai sa saiwa ta rufe wa fumfuna ƙofa ba, ga sauƙin aljihu.

Takin shanu ko na bola da ya ruɓe sosai shi ne mafi arha ga mai dabbobi, sai dai nauyin ɗauka, ga irin ciyawa da yakan shigo da shi. Yana sakin abinci a hankali, yana riƙe laima a jigawa, fumfunar da ke gonarka tun asali kuma tana jin daɗinsa. Yawan haro da barin gona tsirara tsawon lokaci ne ke tsinka zarenta.

In har ranka ya biya da garin, sayi leda mafi ƙanƙanta. Raba gadon reno biyu, ka sa wa rabi a ramin iri yadda zai taɓa saiwa, ka bar rabi haka. Ranar dashe ka tumɓuke goma daga kowane ɓangare, ka jera su a kan buhu ka kwatanta.