Watch Dogs da Witcher 3: me ya sa hoton talla ya fi na cikin faifai kyau?

Ɗan'uwa mai shagon gem daga wajen Ringim, ka ce ka kalli bidiyon Watch Dogs a YouTube, kwalta tana walƙiya bayan ruwan sama, iska tana kaɗa rigar jarumin, amma da ka sa faifan a PS4 ɗinka sai ka ga hoton ya dushe, har kana zargin an sayar maka da na'ura mai matsala. Kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. Haka wasan ya fito.

Bidiyon da ka gani tun na watan Yunin 2012 ne, lokacin da Ubisoft, kamfanin da ya yi wasan, ya nuna shi a bikin baje kolin wasannin gem na E3 a Los Angeles. A sannan ko sanar da PS4 ba a yi ba, sai a Fabrairun 2013, ta shiga kasuwa a Nuwamba. A kan kwamfuta mai ƙarfin gaske aka kunna shi, kuma ɗan yanki ne na birnin Chicago aka ƙawata, kamar kwandon tumatir da aka jera manyan a sama. Da wasan ya fito a Mayun 2014, dole birnin gaba ɗaya ya yi aiki a PS4 da Xbox One, har da tsofaffin PS3 da Xbox 360. Sai aka rage hazo, hasken fitilun motoci da inuwarsu, da yawan mutane a titi. A PS4 ma kaifin hoton 900p ne kawai, hotuna 30 a sakan ɗaya. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne, bayan 'yan makonni wani ya tono wasu daga cikin waɗannan kayan ado a ɓoye cikin fayilolin wasan na kwamfuta, ya kunna su suka yi aiki. Kamfanin ya ce an kashe su ne don suna iya jawo matsala a wasan. Ni dai wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, tunda mai kwamfuta mai ƙarfi ya cancanci a bar masa zaɓi.

Yanzu ajiye Witcher 3 a gefensa. Shi ma an nuna shi a 2013, ya fito a Mayun 2015, shi ma an rage masa: hayaƙi, tartsatsin wuta, kaurin ciyayi, da kaifin abin da ake hangowa daga nesa. Bambancin yana wajen hali. Waɗanda suka yi shi, CD Projekt Red na ƙasar Poland, sun fito sun amsa cewa hoton ya canza, suka bayyana cewa tsarin hasken da suka nuna ya yi kyau a ƙaramin wuri amma ya gagara a faffaɗar duniyar wasan, kuma da ba don kasuwar PS4 da Xbox ba, da kuɗin yin wasa mai wannan girma bai samu ba. Sannan wanda ya zauna ya buga shi, labarin yakan mantar da shi zancen ciyawa. Shi ya sa nake yi wa Witcher uzuri fiye da Watch Dogs, duk da cewa laifin farko iri ɗaya ne: sun nuna abin da ba su tabbatar za su iya kawowa ba.

Akwai wanda ya wuce su duka, Aliens: Colonial Marines na 2013. Shi har kotu aka je a Amurka kan bambancin tallar da ainihin wasan, kamfanin Sega da ya fitar da shi ya amince ya biya dala miliyan 1.25.

Abin yana damuna ne saboda a wajenmu faifai ɗaya cinikin kwanaki ne, ga man janareta, ga shi ba mai karɓar kaya bayan ka dawo daga Kano. Kafin ka sake saye, duba ranar da aka ɗora bidiyon. In ya riga fitowar wasan, talla ce. Nemi wanda wani ya ɗauka yana bugawa a PS4 irin taka, ba a kwamfuta ko PS5 ba, ka kalli minti biyar, data ba za ta ci da yawa ba. Ka kuma leƙa saitin talabijin ɗinka, domin wasu ƙananan da ake sawa a shago 720p kawai suke nunawa, su ma suna rage kaifin hoto.