Gargaɗi ga masu tara katunan besbol: lambar ta gaske ce, gidan katin ne jabu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na so in rufa wa kaina asiri in yi shiru, don ba kowa ke son a ji an yi masa wayo yana da furfura ba. Amma shekaranjiya wani ƙanenmu ya nuna min saƙon da aka turo masa, sai na ga kusan kalma da kalma irin wanda aka turo min wata uku da suka wuce. Suna da hoto kawai aka canza.

Ina zaune a Bronx, cikin New York, tun 2007. Ƙwallon ƙafa na sani kafin in zo Amurka, ɗana ne ya ja ni cikin besbol, don filin ƙungiyar Yankees yana kusa da mu. A 2009, shekarar da aka buɗe sabon filin kuma suka ci kofi, na fara saya masa ƙunshin katunan 'yan wasa na kamfanin Topps. Yaro ya girma ya watsar, ni kuma abin ya shiga jinina. Yau ina da katuna wajen dubu huɗu. Derek Jeter, tsohon ɗan wasan Yankees, shi ne ya fi kowa yawa, ya haura ɗari uku, sai Mariano Rivera, sai Ken Griffey Jr., sannan Aaron Judge da ke ta taso musu. Kada wani ya ɗauka dukiya ce. Akasarinsu ba su kai kuɗin shayi ba, musamman na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da kamfanoni suka yi ta buga katuna kamar ba gobe.

Kati ɗaya ne ya gagare ni: Jeter na 1993, daga jerin katunan da ake kira SP, mai lamba 279, wanda kamfanin Upper Deck ya buga tun kafin ya fara wasa a babbar gasa a 1995. Fuskar katin mai ƙyalli ce, da an taɓa ta take ƙarzuwa, gefunansa kuma saurin ɓarewa gare su. Shi ya sa samun mai tsabta yake da wuya. Kamfanin PSA yana duba kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi a gidan roba mai lambar shaida. A wannan katin, tazarar da ke tsakanin maki 6 da maki 9 tazarar dubban daloli ce.

Kuskurena na farko, na yi ta faɗa a fili. A wani zauren masu tara katuna na Facebook, duk sati sai na sa hoton katunan Jeter ɗina, ina cewa saura ɗaya. Ashe ana karantawa.

Mutumin da ya yi min wayon bai zo da babban kati ba. Da ƙanana ya fara. Ya sayar min da Rivera biyu a dala 15, suka iso lafiya lau, an naɗe su da kyau, har da ƙarin kati ɗaya kyauta. Bayan sati biyu, wani Jeter a dala 40, shi ma lafiya. Muka riƙa hira. Ya san ranar 9 ga Yuli 2011 da Jeter ya yi bugunsa na 3,000, ya ce wai yana cikin filin a ranar. Sai da ya ga na saki jiki, sannan ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar akwatunan katuna, a ciki akwai SP ɗin da nake nema, PSA ta ba shi 9. Yana bukatar kuɗin haya kafin Juma'a, zai bar min a dala 900, don ya fi son ya tafi hannun wanda ya san darajarsa.

Na san araha ba ta ado. Ban yi wauta gaba ɗaya ba: na nemi hoton takardar da ke saman gidan katin, na shigar da lambar a shafin PSA. Ta fito daidai, Jeter, 1993 SP, maki 9. Nan hankalina ya kwanta, kuma nan ne ainihin tarkon. Lambar shaida ba sirri ba ce. Duk katin da aka taɓa sa wa hoto a intanet, lambarsa tana nan kowa na gani. Macuci zai kwafe lambar kati na gaske da ke hannun wani bawan Allah, ya buga ta a takardar bogi, ya saka a gidan roba na bogi. Shafin yana tabbatar maka cewa akwai kati mai wannan lamba a duniya, bai ce shi ne wanda za a aiko maka ba.

Da aka zo biya, sai ya ce kada in bi hanyar PayPal ta biyan kuɗin kaya, wai ana cire masa kaso, in tura ta hanyar aika wa dangi da abokai. Waccan ta farko ita ce ke ba mai saye kariya idan kaya suka zo ba daidai ba. Ta biyun kyauta ce ka ba abokinka, ba ka da bakin ƙara. Na sani, amma na ce ai mun saba. Kaso kaɗan nake tausaya masa, na tura.

Katin ya iso. Kwana tara yana kan teburina ina nuna wa baƙi. Sai da na kai shi wani shagon katuna don in sayi abin jingina shi, mai shagon, wani dattijo, ya karɓa ya juya shi sau biyu ya yi shiru. Ya nuna min gefen robar, inda ta yi fari-fari kamar hazo, da ɗan alamar gam. Gidan gaske da na'ura ake liƙe shi. Ya ajiye wani na gaske kusa da nawa, sai ga rubutun takardar tawa ya fi kauri, tambarin mai ƙyalli kuma ba ya sauya kama in an karkata shi. Da ya ba ni madubin ƙara girma, na ga kusurwoyi biyu sun lanƙwashe, an shafa wani abu an ɓoye ɓarewar gefe. Katin na gaske ne, in ji shi, amma da ƙyar ya samu 5. Na koma neman mutumin, ya toshe ni, shafinsa ma babu shi.

Dattijon ya ce kada in ji kunya da yawa, manya ma an yi musu. Kati na farko da PSA ta taɓa bai wa maki, na tsohon ɗan wasa Honus Wagner daga jerin katunan T206, wanda ɗan wasan hoki Wayne Gretzky ya taɓa mallaka, daga baya dillalin katuna Bill Mastro ya amsa a gaban kotu a 2013 cewa ya datse gefunansa don ya yi kyau, aka ɗaure shi wata 20. Harkar da katin Mickey Mantle na 1952 ya kai dala miliyan 12.6 a 2022, dole ɓarayi su yi sansani a cikinta. Wannan bai dawo min da kuɗina ba, amma na ɗan ji sanyi.

Abin da nake yi yanzu: in lambar ta fito, sai in duba ko shafin yana da hoton katin, in gwada shi da wanda ake talla, kusurwa da kusurwa, da yadda hoton ya zauna a tsakiya. Ina kuma neman lambar a intanet, in ga ko an taɓa sayar da ita a wani wuri. Ina sa mai sayarwa ya ɗauki bidiyo yana juya gefen robar a haske, da takarda mai sunana da kwanan wata a gefe. Kati mai tsada kuwa, ko mu haɗu a shago mai shi ya duba, ko in haƙura. Wanda duk ya ce in tura ta hanyar dangi da abokai, cinikin ya mutu, ko da mun yi ciniki goma a baya.

Saƙon da aka turo wa ƙanen namu, Griffey na 1989 Upper Deck ne, kati mai lamba 1, wai maki 10, don shi Griffey yake tarawa. An riga an sayar masa da ƙananan katuna biyu, sun iso lafiya. Mahaifin ya sake rasuwa, kuɗin hayar ma kafin Juma'a ake nema. Na kai rahoton nawa, na aika wa masu kula da zauren hotunan hirarmu. Duk wanda irin wannan saƙo ya shigo masa, ya ɗauki hotonsa kafin a goge, ya tura musu.