Zobe ko Miƙaƙƙen Bututu: LEP da SLC a Aikin Auna Ƙwayar Z

A shekarar 1989 ne injuna biyu, LEP da SLC, suka fara haɗa ilektaron karo da kishiyarsa fozitaron domin samar da ƙwayar Z, wadda ke ɗauke da ƙarfin da ake kira "ƙarfi mai rauni", ɗaya daga cikin ƙarfafan da ke aiki tsakanin ƙwayoyin asali, wato mafi ƙanƙantar ƙwayoyin halitta. LEP na cibiyar binciken kimiyya ta CERN, a kan iyakar Faransa da Suwizalan, wanda aka rufe a shekarar 2000, zobe ne mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, SLC na Kalifoniya kuwa, wanda ya daina aiki a shekarar 1998, miƙaƙƙen bututu ne mai tsawon kimanin kilomita 3.

Ƙarfin zobe yana cikin maimaici, domin ƙwayoyin suna kewaya shi fiye da sau 11,000 a daƙiƙa, har aka tara ƙwayoyin Z kusan miliyan 17, aka tabbatar da cewa nau'o'in niyutirino (wata ƙwayar asali marar cajin lantarki) masu ƙarancin nauyi uku ne. Awon ya yi daidai har masana suka gano cewa jan wata yana sauya kewayen zoben da kusan milimita ɗaya, abin da har yau yake ba ni mamaki. Aibin zobe shi ne, ilektaron yana zubar da makamashi duk lokacin da ya sha kwana.

SLC bai tara fiye da kimanin rabin miliyan na ƙwayoyin Z ba, amma ya daidaita juyin mafi yawan ilektaron zuwa fuska ɗaya, wanda ya ba shi awo mai inganci ƙwarai na kusurwar Weinberg, wato adadin da ke nuna alaƙar ƙarfi mai rauni da ƙarfin lantarki da maganaɗisu. A ganina, wannan dabara ta cancanci yabo fiye da wanda take samu.