TikTok ko Instagram: Ina Mai Ƙaramar Sana'a Za Ta Zuba Ƙarfinta?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Kin ce jakunkuna kike ɗinkawa da hannunki, ke kaɗai ba mai taya ki, lokacin da za ki iya ba waya a rana bai taka kara ya karya ba, kuma kina so ki zaɓi guda tsakanin TikTok da Instagram. Wasu sun ce miki yanzu a TikTok jama'a suke, wasu sun ce masu saye na gaske suna Instagram. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Babban bambancin yana wajen wanda zai ga abin da kika ɗora. TikTok, wanda kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ya fitar wa duniya a 2017 sannan ya haɗe shi da wata manhajar bidiyo mai suna Musical.ly a 2018, an gina shi ne a kan shafin For You. Mutum na buɗe manhajar, bidiyon wanda bai taɓa sani ba ne zai tarbe shi. A watan Yunin 2020 kamfanin ya bayyana yadda yake zaɓen abin da zai nuna wa kowa, ya ce yawan mabiya ba ya cikin abubuwan da yake dubawa kai tsaye, haka ma farin jinin da bidiyoyin mutum na baya suka yi. Abin da ke da nauyi shi ne ko an kalli bidiyon har ƙarshe, ko an tura wa wani, ko an yi magana a ƙarƙashinsa. Ke nan ke da kika buɗe shafi jiya za ki iya samun dubban masu kallo a bidiyonki na uku, idan ya riƙe ido.

Instagram ba haka aka haife shi ba. Ya fito a 2010 a matsayin wurin ɗora hotuna, Facebook ya saye shi a 2012 a kan kimanin dala biliyan 1, kuma tun asali wanda ka bi shi kake gani. Sai a watan Agustan 2020 ya kawo Reels, wato sashen gajerun bidiyoyi irin na TikTok, bayan ya ga yadda TikTok ke kwashe masa matasa. Yau Reels na kai bidiyo ga baƙi, amma Stories, wato hoto ko bidiyon da ke ɓacewa bayan kwana ɗaya, inda ake yawan hulɗa da kwastoma, galibi mabiyanki ne suke ganinsa. Saboda haka farawa daga sifili a Instagram sai da haƙuri. Za ki yi makonni kina ɗorawa, 'yan'uwa da ƙawaye ne kawai ke danna miki alamar so. A wannan fagen TikTok ya yi gaba, ba ko tantama.

To amma bayan an gani fa? A nan lissafin yake juyawa. TikTok mai shela ne, Instagram kuwa kanti ne. Wanda ya ga jakarki a TikTok ba saye ya zo yi ba, ya zo ya huta ne, kuma yatsansa na kan gilashin waya yana jiran bidiyo na gaba. Wataƙila ma yana wata ƙasa da ba za ki iya aika masa kaya ba. Yana iya yabawa, ya rubuta "nawa ne?", ya wuce, bai sake tunawa da ke ba. Shafinki na TikTok kuma galibi jerin bidiyoyi ne, wanda yake neman baƙar jaka mai madauri biyu sai ya yi ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma wani shinge: a mafi yawan lokuta sai kin kai mabiya 1,000 kafin a ba ki damar yin bidiyon kai tsaye, kuma sanya linki a saman shafi ma yana da sharuɗɗansa. TikTok Shop, wanda ke ba mutum damar biya ba tare da ya fita daga manhajar ba, ba kowace ƙasa yake aiki ba, don haka ki duba ko akwai shi a inda kike kafin ki sa shi a lissafi.

A Instagram kuwa mutum na shiga shafinki zai ga kayanki a jere. Kina iya haɗa hotuna har 20 a ɗorawa guda: gaban jakar, bayanta, cikinta, ɗinkin zip ɗin daga kusa, da yadda take a kafaɗa. Stories na ɓacewa bayan awa 24, amma Highlights zai adana miki su a saman shafi, sai ki ware ɗaya na farashi, ɗaya na yadda ake oda, ɗaya na saƙonnin waɗanda suka saya suka ji daɗi, bayan kin nemi izininsu. Ana iya sa linki har biyar da maɓallin da zai kai mutum WhatsApp ɗinki kai tsaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda zai tura kuɗi ga wadda bai taɓa gani ba, bincike yake yi tukuna. Yana duba tun yaushe shafin yake, ko ana amsa wa mutane, ko an taɓa kuka da ke. Instagram ya fi sauƙaƙa masa wannan binciken, kuma yarda ce ke fitar da kuɗi daga aljihu.

Sai wahalar aikin, tunda kin ce lokacinki kaɗan ne. TikTok ba ya ƙoshi. Yau bidiyo ya tashi, gobe ki ɗora wanda ya fi shi kyau mutum ɗari biyu su gani, ba ki san dalili ba. Kowane bidiyo kansa yake ƙwata, don haka sai kin yi ta yi. Alherinsa shi ne ba ya neman ƙawa. Ki jingina waya, ki ɗauki hannunki yana yankan fata ko yana saka madauri, shi ke nan, ba dole sai kin nuna fuskarki ba. Mutane na son kallon yadda ake ƙera abu, kuma wannan gata ne da mai sarin kaya ba ta da shi. Instagram ya fi son tsafta da haske mai kyau, amma yana karɓar hoto, kuma hoton da kika ɗora wata uku da suka wuce yana nan yana yi miki aiki a shafi. Ranar da ɗinki ya sha kanki, hoto ɗaya a Stories ya isa ya nuna kina nan.

Wani abu da ke kama mutane a duka biyun shi ne kiɗa. Da zarar kin mayar da shafinki na kasuwanci, TikTok zai taƙaita ki ga kiɗan da aka ba da lasisin amfani da shi a talla, Instagram ma yana rage wa shafukan kasuwanci waƙoƙin da za su iya ɗauka. Ni dai ban ga asara a nan ba. Ƙarar almakashi da keken ɗinki, ko muryarki kina bayanin abin da kike yi, sun fi waƙar da kowa ya sa.

Batun talla na kuɗi ba zan daɗe a kansa ba, don ban ba ki shawarar ki fara da shi ba. TikTok yana da Promote, Instagram yana da Boost. Na Instagram ya fi amfani ga irin sana'arki, saboda yana cikin tsarin tallan Meta, kamfanin da ya mallaki Instagram da Facebook, kina iya zaɓen yankin da kike iya kai kaya, ki kuma ce abin da kike so shi ne mutane su turo saƙo, ba su kalla kawai ba. Idan iPhone kike riƙe da shi ki lura: tun 2024 biyan kuɗin Boost daga cikin manhajar yana iya zuwa da ƙarin kashi 30 cikin 100 na Apple, wanda ba za ki biya ba idan kika yi ta shafin intanet na Instagram. Kuma kada ki tura kuɗi a bayan abin da bai motsa kowa ba a kyauta. Sayen mabiya kuwa ki yi nesa da shi. Shafukan bogi ba sa kallo, ba sa saye, kuma idan manhajar ta ga dubban mabiyanki ba sa kula abin da kike ɗorawa, sai ta rage nuna shi ga na gasken.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi duka biyun, ko da yake na TikTok ya fi fitowa fili. Indiya ta haramta shi a watan Yunin 2020, duk wanda ya gina kasuwancinsa a kansa a can ya wayi gari ba shi da hanyar isa ga mabiyansa. A Amurka ma ya ɗauke na wasu awanni a watan Janairun 2025 saboda taƙaddamar doka. Instagram bai fuskanci irin wannan matsin a yawancin ƙasashe ba, amma a ranar 4 ga Oktoban 2021 shi da Facebook da WhatsApp sun tsaya cak na kusan awa shida. Ban da wannan, ana sace shafuka, ana kuma rufe su bisa kuskure. Don haka duk wanda kika zaɓa, ki kunna tsaron shiga mai mataki biyu (wanda ke neman wata lamba bayan kalmar sirri) tun yau, kuma duk wanda ya taɓa saye ki adana lambarsa. WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, yana da kundin kaya, da amsoshin da kike tanada tun farko, da alamomin da za ki raba wanda ya biya da wanda ke jiran kaya. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa yana ɗaukar mutum 256, amma sai wanda ya adana lambarki saƙon zai isa gare shi, don haka ki riƙa roƙon kwastoma ya adana. Kada dai ki cika su da saƙo kullum, toshe ki za su yi.

Idan dole sai ɗaya, a halinki ni Instagram zan ce. Dalilina shi ne hannu biyu gare ki. Idan a wata jaka ashirin kike iya gamawa, masu saye ashirin kike nema, ba masu kallo dubu ɗari ba. Bidiyon da ya tashi a TikTok yana iya jawo miki saƙonni fiye da yadda za ki iya amsawa, mafi yawansu tambayar farashi ce kawai, ki yini kina rubutu ɗinki na jira, waɗanda ba ki amsa wa ba kuma su tafi suna cewa ba kya kula mutane. Da kaya masu araha kike sarowa da yawa, irin waɗanda ake saye ba tare da dogon tunani ba, ko da kina da mai amsa miki saƙo, da na ce TikTok. Haka nan idan 'yan makaranta da matasa ne kawai kasuwarki.

Sai dai zaɓen ɗaya bai hana ki cin moriyar ɗayan ba, tunda duka biyun bidiyon tsaye suke so. Ki ɗauka da kyamarar wayarki, ki gyara shi a waje, ki ɗora asalin a Reels, ki ɗora shi a TikTok tare da sunan shafinki na Instagram a rubuce. Kada ki sauke daga TikTok ki kai Instagram, domin tun 2021 Instagram ya ce yana rage yaɗa bidiyon da ke ɗauke da tambarin wata manhaja. Sannan duk wanda ya biya kuɗi ki tambaye shi a ina ya fara ganin kayanki, ki rubuta a littafin odarki. Bayan wata biyu ki ƙirga, in kika ga TikTok ne ke kawo masu biya, ki mayar da ƙarfinki can.