Sauke mota ƙasa: gajeren sifirin kaɗai, sifirin da shokazoba, ko koyiloba?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce nawa za ka kashe idan ka sa wa motarka gajeren sifirin don ta ɗan zauna ƙasa, kuma ko akwai haɗari a ciki. Ka ce salun ce mai jan gaba, ta ci kusan kilomita 90,000, shokazobarta ta asali ce, sannan wani ya ba ka shawarar ka yanke sifirin da ke ciki kawai ka huta da kashe kuɗi.

Bari mu fara kawar da zancen yankan. Ƙarfin sifirin ya dogara ne da kaurin ƙarfen, faɗin murɗin da kuma yawan zagayen da ke aiki. Idan zagaye 8 ne ka cire 1, taurinsa zai ƙaru da kashi 14 cikin 100 kacal, alhali tsayin da ka rasa ya fi wannan ƙarin nisa, don haka motar za ta riƙa dukan ƙasa. Ga shi bakin da aka yanke ba ya ƙara zama daidai a mazauninsa, kuma da wuya dama da hagu su fito tsayi ɗaya. Mafi muni, idan taya ta saki gaba ɗaya, kamar lokacin da mota ta yi tsalle a kan tudu, guntun sifirin na iya barin gurbinsa, ya karkace ko ya soki taya. Gasa shi da wutar walda don ya lotsa ya fi yankan ɓarna, domin zafin yana kashe ƙarfen, ya ci gaba da lotsawa har wata rana ya karye. Wannan hanya ba ta cikin lissafi sam.

Saura hanyoyi uku, kuma abin da ya raba su ba sifirin ba ne, shokazoba ce.

Ta farko ita ce ka sayi sifirin huɗu da aka ƙera wa ainihin samfurin motarka, ka ɗora su a kan shokazobar da ke ciki. Kamfanoni irin su Eibach da H&R na Jamus sun yi suna a wannan. Eibach Pro-Kit galibi yana sauke mota tsakanin milimita 25 zuwa 40, Sportline kuma ya fi shi saukewa, yana kaiwa 45 zuwa 50. A wajen saye wannan ce mafi araha. Matsalarta ita ce gajeren sifirin ya fi na asali tauri, kuma shokazobar kamfani ba don shi aka auna ta ba. Aikin shokazoba shi ne ta kwantar da sifirin bayan ya matse ya dawo. Idan ya fi ƙarfinta, mota za ta riƙa lilo sau biyu ko uku bayan kowane rami maimakon ta zauna lokaci guda, kuma a cikin wannan lilon taya tana rage riƙon kwalta. A kan hanya mai gargada nisan tsayawar birki yana ƙaruwa ke nan. Bayan haka sandar shokazobar tana zama a nutse fiye da inda aka tsara mata, sai ta riƙa kaiwa ƙarshe, robar bakinta ta gaji, mai ya fara tsiyaya. Sabuwar shokazoba tana iya jure saukewar milimita 25 zuwa 30 na tsawon lokaci. Wadda ta ci kilomita 90,000 irin taka ta riga ta yi laushi, ko da ba ka ga mai a jikinta ba.

Ta biyu ita ce sifirin tare da shokazobar da aka yi domin sa. Bilstein B8 gajeriyar sanda gare ta musamman saboda motar da aka sauke, saɓanin B6 da aka yi wa tsayin asali. Koni Sport ta ƙasar Holan, mai launin rawaya, ana iya murɗa ta a ƙara ko a rage ƙarfin dawowarta. Akwai ma saiti guda, Bilstein B12, da ke zuwa da sifirin Eibach a haɗe. Kuɗin kayan ya ninka na hanyar farko, amma kuɗin aiki ɗaya ne, domin bakanike ba zai iya canza sifirin gaba ba sai ya ciro shokazobar baki ɗaya ya wargaza ta. A nan ne mutane da yawa suke ruɗin kansu. Wanda ya sa sifirin kaɗai a kan tsohuwar shokazoba, bayan ɗan lokaci zai dawo ya sayi shokazobar, ya sake biyan kuɗin aiki, ya sake biyan alaimen, wato saita kusurwar tayoyi. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma a wannan aikin maganar ta zauna daram.

Ta uku ita ce koyiloba, wato shokazoba da sifirin a jiki ɗaya, mai zare a gangar jikinta da ake murɗa zobe a ɗaga mota ko a sauke ta. A koyilobar kamfanin KW, Variant 1 tsayi kawai ake saitawa, Variant 3 kuma ana saita ƙarfin matsewa daban, na dawowa daban. Mai kyau tana cin ninkin kuɗin sifirin sau da yawa, kuma saita ta aiki ne na daban: a auna kusurwa huɗu, a murɗa, a sauke mota, a sake aunawa. Ribarta ita ce kai ke zaɓen tsayi, idan ka ga ta yi ƙasa da yawa ka ɗaga. Ga mai shiga filin tsere ta cancanci kuɗinta. Ga motar zuwa aiki da ɗaukar iyali, a ganinmu, yawancin abin da ka biya ba za ka taɓa amfani da shi ba, kuma zaren yana cijewa da tsatsa idan ba a wanke shi ana shafa masa mai ba. Koyiloba marar suna mai arhar banza kuwa, sifirin kirki da shokazobar kirki sun fi ta nesa ba kusa ba.

Ga motarka, hanya ta biyu muke ba ka shawara, kuma kada saukewar ta wuce milimita 30 zuwa 35.

Dalilin wannan iyaka shi ne tazarar da taya ke da ita ta motsa sama. A ce tsakanin shokazoba da robar da ke tare ta a ƙarshe akwai milimita 70 idan mota tana tsaye. Ka sauke 30, saura 40, kuma taurin sabon sifirin zai cike giɓin. Ka sauke 50, saura 20, da mutum uku sun shiga baya motar ta hau kan robar. Daga nan ba sifirin ke ɗaukar nauyi ba, kuma idan ka taka rami a tsakiyar kwana motar na iya zillo gefe ba gargaɗi. Shi ya sa wasu saitin suke zuwa da gajeriyar roba, wasu kuma takardarsu take faɗin milimita nawa za a rage daga ta asali. A bi takardar, kada a cire robar gaba ɗaya. Haka nan tazarar ƙasa: salun da yawa suna da milimita 130 zuwa 160 tsakaninsu da kwalta. Mai 140 da aka sauke 35 ta koma 105 tun kafin a ɗora kaya. Abin da ke fara taɓa ƙasa shi ne leɓen bamba, sai salansa, sai kwanon baƙin mai da ke ƙasan inji. Idan kwanon ya fashe mai ya zube ba ka lura ba, inji ne zai tafi.

Sai kusurwar taya, wadda ita ce kuɗin da ba a faɗa wa mutum a wajen saye. Da mota ta sauka, saman taya yana kwantawa ciki, galibi rabin digiri zuwa digiri ɗaya a irin wannan saukewar, kuma bakin tayoyin gaba yana ɗan buɗewa ko ya tsuke. Kwantawar kaɗan ba laifi, tana ma taimakawa a kwana. Buɗewa ko tsukewar ce ke cinye taya, domin tayar tana jan gefe ne a kan kwalta maimakon ta mirgina sak. Ka shafa tafin hannunka a gefen ciki na tayar motar da aka sauke ba a yi mata alaimen ba, za ka ji haƙoran sun yi kaifi ta ɓangare ɗaya kamar zarto, gefen waje kuwa yana nan sabo. Don haka alaimen na ƙafa huɗu dole ne, a kowace hanya cikin ukun. Idan bayan motarka irin mai sanda guda ce da ta haɗa tayoyin biyu, kusurwar baya ba ta canzawa sosai. Idan mai hannaye da yawa ce, kwantawar tana yawa, kuma wasu motocin ba su da wurin gyara ta sai ka sayi hannu mai saiti ko kusa ta musamman. Ka binciki wannan kafin ka biya kuɗin sifirin, ba bayan an haɗa ba. Idan aka wuce milimita 40 sai wasu matsalolin su biyo: tayarod ya karkace har sitiyari ya riƙa fizga a kan gargada, kusurwar shaf ta canza, taya ta riƙa gogar cikin madigadi idan an karya kan mota gaba ɗaya.

Aikin haɗawar yakan ɗauki awa 3 zuwa 5 a hannun wanda ya iya, fiye da haka idan noti ya cije. Kafin a taɓa komai a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a kusurwa huɗu a rubuta, don a san ainihin abin da aka sauke. A ɗaga mota a ajiye ta a kan ƙafafun ƙarfe, jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. A kwance wayar na'urar birki da maƙalin bututun man birki daga jikin shokazoba, a cire ɗan sandan da ya haɗa ta da sandar hana tangaɗi, sannan kusoshin ƙasa da notukan sama. Kada a bar kan ƙafar ya rataya a jikin bututun birki, a ɗaure shi.

Wuri mafi haɗari a aikin duka shi ne cire sifirin daga shokazobar gaba. Yana matse ne da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Sai an kama shi da matsin sifirin ta ɓangarori biyu, ana ɗaure su bi da bi, har ka ga ya saki yana juyawa da hannu, sannan a taɓa notin tsakiya. Wanda ya kwance notin nan kafin haka, hular sama, wato murfin da ke danne sifirin, za ta fito da ƙarfin da zai karya haƙarƙari ko fuska. Kada kowa ya tsaya a saitin kan shokazobar, kuma igiya ko waya ba sa maye gurbin matsi. Wajen mayarwa a duba rubutun jikin sifirin, na Jamus sukan sa VA a na gaba, HA a na baya. Bakin ƙarfen ya shiga lungun da aka yi masa a mazauni. A riƙe sandar shokazoba da sifana yayin ɗaure notin tsakiya, kada a bar bindigar iska ta juya ta, tana lalata cikinta. Tunda an buɗe, hular sama da belinta da robar ƙura idan sun gaji a canza su nan take, haka notukan da kamfani ya ce sau ɗaya ake ɗaure su.

Akwai abu ɗaya da makanikai da yawa suke tsallakewa. Kusoshin da suka ratsa bushin na roba ba a ƙarasa ɗaure su mota tana rataye. Sai an sauke ta a kan tayoyinta, a sabon tsayinta, a sassauta su a sake ɗaurewa da ma'aunin ɗauri. In ba haka ba robar za ta zauna a murɗe dare da rana, ta tsage da wuri, kuma motar ba za ta sauka daidai ba. Gwaji na ƙarshe kafin a sa taya: ƙafa tana rataye gaba ɗaya, ka kama sifirin ka girgiza. Idan yana motsi a gurbinsa, shokazobar ta yi masa tsawo, kada a fita da motar.

Bayan haɗawa a duba fitilun gaba, musamman idan motar tana da na'urar da ke daidaita haskensu da kanta, domin tana karanta tsayin mota ne daga ƙafa, kuma hasken zai iya faɗuwa ƙasa ko ya haske idon mai zuwa. Mota mai kyamara ko rada ta taimakon birki da bin layi tana iya buƙatar a sake saita su. Tsofaffin motoci marasa ABS, wato tsarin da ke hana taya cijewa idan an taka birki, wasu suna da bawul a baya mai ƙara ƙarfin birki idan an yi lodi. Da an sauke motar sai ya ɗauka lodi ne, tayoyin baya su riƙa cijewa kafin na gaba, wanda ke juya mota a kan jiƙaƙƙiyar hanya. Dole a sake saita shi. Idan kuma shokazobar motarka mai lantarki ce, sifirin da aka yi mata ya fi sauƙi, domin koyiloba za ta kunna fitilar gargaɗi sai an ƙara wata na'ura.

Sifirin yakan ƙara zama kaɗan a cikin 'yan ɗaruruwan kilomita na farko. A gyara bakin taya tun ranar haɗawa, sannan bayan kamar kilomita 500 a sake aunawa, a duba ɗaurin notuka, a yi cikakken alaimen. Ka sa kuɗin zuwa biyun nan a lissafinka.

Ta fuskar doka, kowace ƙasa da nata tsarin. A Jamus sai kayan suna da takardar shaida, kuma sau da yawa sai an kai motar wurin masu duba lafiyar mota irin su TÜV an tabbatar. A Ingila wajibi ne ka sanar da kamfanin inshora duk wani sauyi irin wannan, in ba haka ba suna iya ƙin biya idan an yi haɗari. Ka tambayi naka kamfanin a rubuce kafin aiki. Idan motar tana da sauran garanti, dila na iya ƙin ɗaukar gyaran ƙafa da ya danganta da sauyin. Tsofaffin sifirin kuma ka yi musu alamar gaba da baya, dama da hagu, ka adana su, domin yawancin masu sayen mota ta hannu sun fi son ta a tsayinta na kamfani.