Safar hannu ta kanti ko ta fata ɗinkin Inuit, ga wadda za ki saya

Malama barka da samun aikin koyarwa a Iqaluit, babban birnin yankin Nunavut da ke arewacin Kanada, Allah ya sanya albarka. Kan safar hannun da kika tambaya, ta kanti ko ta fata da matan Inuit, 'yan asalin yankin, ke ɗinkawa, ni duka biyun na mallaka, kuma wallahi ta fatar za ki saya.

Ta kantin a Ottawa na saye ta kafin in hau jirgi, mai yatsu biyar, kuɗi masu kauri na zuba, ta dai kai ni ƙarshen Oktoba kuma ana iya danna waya da ita, iyakarta kenan. Janairu na kamawa sanyi ya kai 27 ƙasa da sifili ga iska tana yankar fuska, tafiyar minti goma yatsuna suka daina ji.

Wata dattijuwa da muke aiki tare ita ta ga ina hura hannu a bakin ƙofa, ba ta ce komai ba ta jawo kwali ta ɗora tafina ta zana da biro, bayan sati biyu sai ga ta da pualuuk, haka suke kiran safar hannun da Inuktitut, harshen Inuit. Fatar natsiq ce, wata dabbar teku da suke farauta su ci naman su ɗinka fatar, gashinta na sheƙi kamar azurfa, ciki an yi mata shafi mai laushi, bakin hannun kuma an zagaye shi da gashi don kada iska ta kutsa. Yatsu huɗu a wuri ɗaya suke suna ɗumama juna, babban yatsa ne kawai a ware, ita kuma fatar iska ba ta ratsa ta, shi ne duk sirrin. Dala 250 na ba ta, hunturu na huɗu kenan ko ɗinki ɗaya bai saki ba. Kada dai ki ɗora ta kan hita in ta jiƙe, fatar za ta bushe ta yi tauri, ki rataye ta a ɗaki ta sha iska da kanta.

Kuma ki sani a nan sana'ar nan tana da daraja sosai. Eva Aariak, 'yar garin Arctic Bay da ke Nunavut, ta koyar da Inuktitut, ita ce kwamishinar harsuna ta farko bayan an kafa Nunavut a 1999, sannan ta riƙe kanti a Iqaluit mai suna Malikkaat tana sayar da kayan hannun Inuit, har ta shugabanci ƙungiyar 'yan kasuwar yankin Baffin. A 2008 ta ci kujerar Iqaluit ta Gabas, ita kaɗai ce mace da aka zaɓa a wannan zaɓen, kuma da yake majalisarsu ba jam'iyyu, 'yan majalisa ne suka zaɓe ta firimiya, wato shugabar gwamnatin Nunavut, ta yi har 2013, ta kuma riƙe ma'aikatar ilimi, wato wadda za ki yi wa aiki. A 2021 aka naɗa ta Kwamishinar Nunavut. Abin yana burge ni gaskiya, mace ta tashi daga aji da kanti ta riƙe yanki guda, kuma in kika shiga aji da pualuuk a hannu za ki ga yadda iyayen yara za su sake da ke.

Sai dai ki yi hattara, akwai masu ɗaukar hoton aikin matan nan su sa a Facebook su ce a turo kuɗi tukuna, kina turawa su rufe shafin, wasu kuma gashin roba ne na masana'anta suke ce masa fata. Kada ki biya kafin ki sauka, ki bari ki gani da idonki ki sa hannunki ciki, a makarantarku ma ba za a rasa mai ɗinki ba, har gidajen abinci suna zagayawa da kaya. In za ki shiga Amurka ki bar ta a gida, dokarsu ta 1972 ta hana shiga da fatar dabbar nan, za su iya karɓewa a boda.

Daga Ottawa ki taho da 'yar siririyar safar hannu mai araha wadda za ki riƙa sawa a ciki, kuma ki ba da ɗinkin tun Satumba don layi yana tsawo in sanyi ya matso.