Ma'aunin gilashi ko mai batir: wanne ya dace da bibiyar sanyin dare a Yamai?

Assalamu alaikum, Malam. Ka tambaya ko ka sayi ma'aunin gilashin nan mai lanƙwasa ko kuwa ƙaramin nan mai batir, domin ka riƙa rubuta iyakar sanyin dare a gidanka na cikin gari da kuma lambunka na bayan gari. Shawarata ita ce ka sayi mai batir, kuma ka sayi guda biyu iri ɗaya, a shago ɗaya, a rana ɗaya. Duka nau'in biyun sun shiga hannuna, don haka abin da zan faɗa maka ba labarin ƙanzon kurege ba ne.

Mai batir ɗin da nake nufi shi ne wanda bai wuce faɗin tafin hannu ba, mai maɓallin da aka rubuta MIN (iyakar sanyi) da MAX (iyakar zafi) a jikinsa, wanda kuma yake da siririyar igiya mai tsawon mita ɗaya ko fiye da ɗan kan ƙarfe a bakinta. Wannan ɗan kan shi ne yake jin zafi da sanyi, saboda haka kana iya ajiye jikin ma'aunin a inda ƙura ba za ta same shi sosai ba, ka miƙa igiyar zuwa daidai wurin da kake son aunawa. Yana aiki dare duka alhali kana barci, ya riƙe maka lambar da ta fi ƙanƙanta har sai ka zo da safe ka danna maɓalli ka gani. Yana kuma nuna ɓarin digiri, wato ya ce maka 14.3 ko 14.8, kuma wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga wanda yake kwatanta wuri biyu, tunda ratar da kake nema tsakanin gari da bayan gari ba ta cika wuce digiri kaɗan ba.

Abin da ya sa nake ƙaunar wannan ma'auni shi ne aikin da ya yi mana a gidan kajin ƙanena. Ni ina zaune a Bukoki, shi kuma yana da wurin kiwo a wani kwari gaba da Saga. A wani hunturu ƴan tsakinsa suka riƙa cunkusuwa a kusurwa ɗaya suna danne juna, da safe a tarar da wasu sun mutu, yaron da ke kwana a wurin kuma yana ta cewa ɗarin asuba ya fi ƙarfin gawayin da ake zubawa. A cikin gari kuwa mutum yana iya kwana da mayafi mara kauri, hasashen yanayi na wayar salula ma lamba ɗaya yake ba mu, ko muna Bukoki ko muna can. Sai muka rataye ma'auni ɗaya a tsakar gidana, ɗaya a wajen ɗakin kajin. A daren da iska ta kwanta, sama ta yi garau, mukan tarar da ratar digiri uku ko huɗu, kwarin ne a ƙasa. A daren da iskar hunturu ta kwana tana kaɗawa kuwa, lambobin biyu sukan zo kusan daidai. Daga baya ƙanen nawa ya shigar da kan igiyar cikin ɗakin, ya ɗaure shi daidai tsayin bayan ɗan tsako, inda ya gane cewa kaskon da ake cikawa da tsakar dare yana mutuwa a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ɗan tsako a makonsa na farko yana son zafin da ke tsakanin digiri 32 zuwa 35 a inda yake kwance. Da aka koma ƙara gawayi gab da kiran sallar asuba, cunkuson ya ragu sosai. Ina tuna yadda yaron yake goge ƙurar fuskar ma'aunin da babban yatsansa kowace safiya, ya danna MIN, ya rubuta lambar a ɗan littafin ƴan makaranta da muka rataye masa da zare a jikin ƙofa, yana murna domin yanzu maganarsa ta sami shaida.

Wannan rata ba baƙon abu ba ce, kuma yana da kyau ka san sanadinta domin ka fahimci abin da littafinka zai nuna maka. Kwalta da siminti da bulo suna shan zafin rana tun safe, su riƙa sakinsa sannu a hankali cikin dare, lungunan da gidaje suka matse kuma ba sa kallon sararin sama sosai, don haka zafin ba ya samun hanyar fita da sauri. Ga hayaƙin motoci da babura da na murhu a kai. A bayan gari kuwa yashi ne a buɗe yana fuskantar sama, iskar hunturu kuma busasshiya ce, babu laimar da za ta tare zafin da ƙasa ke fitarwa, shi ya sa da rana ta faɗi ƙasa take hucewa da sauri. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, tana gangarowa kamar ruwa ta taru a kwari da ƙorama, saboda haka lambu biyu da ke maƙwabtaka suna iya bambanta idan ɗaya yana kan tudu ɗaya yana gangare. Tun tsakanin shekarar 1818 da 1820 wani Baturen Ingila mai suna Luke Howard ya wallafa awon da ya nuna cewa daren birnin Landan ya fi na karkarar da ke kewaye da shi ɗumi. Idan lambunka yana daf da kogin Isa, kamar na wajen Gamkale ko Gudel, ka sa a ranka cewa a Disamba da Janairu kogin yana cike da ruwan da ya taso daga Gini, ruwa mai yawa kuma ba ya hucewa da sauri kamar yashi, don haka jiki yana iya jin ɗari mai laima alhali lambar ba ta kai ta busasshen kwari sauka ba.

Na gilashin kuwa, ba zan ce ba ya aiki ba. Tsohon ƙira ne, James Six ya ƙago shi a Ingila a 1780, ba ya bukatar batir, kuma idan an kafa shi a wuri ɗaya ba a taɓa shi yana iya daɗewa. Amma wanda na saya bai jure tafiyar babur ba, ruwan cikinsa ya rarrabu tun kafin ya isa inda za a rataye shi, ɗan tsinken da ke nuna iyakar sanyi kuma ya riƙa maƙalewa ko an ja shi da maganaɗisu. Ko lafiyayye ne, idonka ne zai ƙiyasta inda tsinken ya tsaya tsakanin layuka biyu, mutum biyu kuma suna iya karanta lamba biyu. Tsofaffin irinsa zaiba ce a ciki, wadda guba ce idan gilashin ya fashe kusa da yara ko kaji. Ban sake sayen wani ba.

Shi ma mai batir yana da nasa rauni, kuma gara ka san shi tun yanzu. Nuna ɓarin digiri ba ya nufin cewa lambar daidai take ɗari bisa ɗari, masu arha suna iya kaucewa da digiri guda sama ko ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa na ce ka sayi biyu iri ɗaya. Kafin ka raba su, ka rataye kawunansu gefe da gefe a wuri ɗaya na dare biyu ko uku, ka ga da nawa ɗaya yake fin ɗaya, ka rubuta wannan bambanci a bayan ma'aunin, ka riƙa cire shi a lissafinka kullum. Idan ba ka yi haka ba, kana iya ɗaukar kuskuren na'ura a matsayin bambancin gari da lambu. Akwai kuma gwajin ƙanƙara: ka farfasa ƙanƙara ka cika kofi, ka zuba ruwa kaɗan, ka juya, ka tsoma kan igiyar a tsakiya ba tare da ya taɓa gindin kofin ba, bayan ƴan mintoci ya kamata ya nuna sifili ko kusa da shi. Batir kuma idan ya fara rauni fuskar takan dusashe, cire shi yana goge lambar da aka riƙe, don haka ka sa sabo a farkon Nuwamba, ka fitar da shi idan sanyi ya wuce domin kada zafin Afrilu ya sa ya zubar da ruwa a ciki.

Wurin ratayewa ya fi irin ma'aunin tasiri a kan lambar da za ka samu, kuma a nan ne na ga mutane da yawa suna ɓata aikinsu. Ƙa'idar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ita ce a auna iska a tsayin mita 1.25 zuwa mita 2 daga ƙasa, cikin farin akwati mai ƙofofin iska. Ba sai ka sayi akwatin ba. Fararen kwanukan roba guda huɗu ko biyar, a kife su ɗaya bisa ɗaya da ɗan tazara a tsakani, a huda tsakiyar na ƙasa domin kan igiyar ya rataya a ciki, sun wadatar. Kada ka jingina shi da katangar da rana ta yini tana dukanta, domin za ta kwana tana ɗumama shi. Kada kuma ka bar kan a tsirara yana kallon sama, domin shi kansa zai huce fiye da iskar da ke kewaye da shi ya ba ka lambar da ta yi ƙasa da gaskiya. Tsayin da ka zaɓa a gida shi za ka maimaita a lambu, da irin rufin ɗaya. Idan abin da ya dame ka shi ne irin tumatir ko na albasa da ke kwance a ƙasa, wannan awo ne na dabam, domin dab da ƙasa ya fi tsayin ƙirji sanyi a daren da babu iska, kuma bai kamata ka gauraya lambobin biyu a shafi ɗaya ba.

Sai maganar lokaci. Iyakar sanyi ba da tsakar dare take zuwa ba, tana zuwa ne wajen fitowar rana, kuma a Janairu rana ba ta fitowa a Yamai sai bayan ƙarfe bakwai. Wanda ya karanta ma'auni da ya fito masallacin asuba ya yi gaggawa, sanyin bai gama sauka ba. Ka bari sai wajen ƙarfe takwas. Goge tsohuwar lamba kuma ka yi shi da la'asar, kada ka yi da sassafe, domin idan ka goge alhali gari yana da sanyi, ma'aunin zai riƙe sanyin wannan safiyar ya ba ka shi gobe a matsayin na sabon dare. A kowane layi na littafin ka rubuta kwanan wata, lambar gida, lambar lambu, da kalma ɗaya a kan daren: iska, hazo ko garau. Wannan kalma ɗaya ita ce za ta bayyana maka dalilin da ya sa ratar take buɗewa yau ta rufe gobe. Domin ka sami abin kwatance, matsakaicin iyakar sanyin dare na Janairu a tashar awo ta Yamai yana wajen digiri 16 zuwa 17, na Tawa kuma ya ɗan fi haka sauka. Lambar wayar salula ko dai daga tasha irin ta filin jirgin sama na Diori Hamani take, wanda ke kudu maso gabashin gari, ko kuma daga lissafin kwamfuta, kuma ko wanne ne bai san kwarinka ba.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ka yi hattara da wasu masu sayarwa. Akwai mai miƙo maka ma'aunin ɗaki wanda ke nuna zafin wannan lokacin kawai, ya rantse maka cewa yana riƙe na dare. Akwai mai sayar maka da bindigar auna zazzaɓi, irin wadda ta cika gari lokacin korona, ya ce tana auna iska, alhali fatar abin da aka nuna ta gare shi take aunawa. Akwai kuma wanda lambar da kake gani a fuskarsa cikin kwali takarda ce aka manna, na'urar kanta ta daɗe da mutuwa. Ka tafi kasuwa da batir ɗinka sabo a aljihu. Ka sa a buɗe guda uku ko huɗu a jera su a inuwa na ƴan mintoci, ka zaɓi biyun da lambobinsu suka fi kusa da juna. Ka riƙe kan igiyar a tafin hannunka ka ga lambar tana hawa, ka sake shi ta sauko, sannan ka danna MAX ka tabbatar ya riƙe ta saman, ka danna MIN ka tabbatar ya riƙe ta ƙasan. Ka duba cewa harafin C ne a gefen lambar, wato awon Salsiyos da nake magana da shi a nan, ba F na awon Farenhait ba, kuma akwai maɓallin sauyawa. Mai shagon da ya ƙi yarda a buɗe kwali a gabanka, ka bar masa kayansa ka wuce gaba.

Don haka, Malam, ka ɗauki mai batir mai igiya guda biyu, ka gwada su tare a gida kafin ka kai ɗaya lambu, kuma ka fara rubutu tun farkon Disamba domin Janairu ya same ka da abin kwatantawa. Idan wanda zai riƙa karanta na lambun ba kai ba ne, ka tsaya da shi safiya ɗaya da la'asar ɗaya ka nuna masa maɓallin karantawa da na gogewa, domin a wasu nau'in maɓalli ɗaya ne yake yin aikin biyu, dannawa ɗaya ta nuna lambar, riƙewa kuma ta goge ta. Allah ya sa albarka a lambun.